Dubiyar Inna Falta

"Ba zan amsa gaisuwarki ba sai kin miƙa wa yarinyar nan hannunki," in ji Inna Falta, ta juya fuskarta bango.

Tahira matar mai injin niƙa ce durƙushe a bakin gadon, da kwanon kunu a hannunta, dubiya ta zo. Ta dube ni, na ɗauke kai kamar ban san zancen ba, alhali da ni aka ƙulla shi. Ta ce ita fa lafiyarta ƙalau, ba ita ce a kwance ba. Inna ta ce ai ta sani, ita ce za ta mutu, kuma ba ta da ƙarfin jayayya da kowa. Haka Tahira ta ajiye kwanon, ta naɗe hannun rigarta, Khairat jikar Inna ta ɗaura mata abin awon jini a damtse ta shiga matsa 'yar robar. Sai da aka gama sannan Inna ta juyo da fara'arta, ta amsa gaisuwa, ta tambayi yara ɗaya bayan ɗaya, har ta sha kunun cokali biyu. Tahira ta fita tana mita a tsakar gida, wai tunda uwarta ta haife ta ba ta taɓa ganin mara lafiya mai mulki irin wannan ba.

Ni ce Asama'u, a unguwa Gwaggo Ma'u mai awara. Katanga ɗaya ce tsakanina da Inna Falta shekara ashirin da biyu, katangar ma ta zube ta wajen murhu ba mu taɓa gyarawa ba, don ta nan muke miƙa wa juna wuta da gishiri da labarin gari. Unguwarmu Kwarin Ɗorawa tana can gefen Ungogo, inda ba a san ko ƙauye za a kira mu ko birni ba. Ga gidan bulo mai get, ga gonar gero a jikinsa, ga wani kangon da aka kai linta aka tsaya har akuyoyi suka tare a ciki. Mutane sun cika maƙil, amma ko ɗakin shan magani babu. In ciwo ya kama mutum sai ya tsallaka kwari, ya taka har bakin titi, sannan ya tsaya jiran adaidaita. Da damina kuwa in an yi ruwa, kwarin nan ko babur ba ya shigarsa.

Inna Falta tun tana amarya aka kawo ta daga Borno, har ta tsufa Barbarci bai gama sakin harshenta ba. Ungozoma ce. Duk wanda bai kai arba'in ba a unguwar nan, in ba baƙo ba ne, a hannunta ya fara kuka. Da girmanta aka kira su ungozomomi horo a sakatariya, ta dawo da wata sabuwar ɗabi'a ta shiga gida-gida tana kora masu ciki awo. Maza suka sa mata Inna Asibiti a bayan idonta, ta ji, ta ce sunan ya yi mata daɗi.

Sai zuciya ta kama ta. Shekara guda ba ta iya taka ƙofar gida ba, a watan takwas kuma, ana tsakiyar damina, likita ya ce a mayar da ita gida a ci gaba da addu'a. Ita ta fi kowa gane ma'anar maganar. Ranar da aka dawo da ita ta kira ni, ta kira Khairat, wadda ke aikin jinya a wani asibiti a birni ta ɗauko hutu don ta zauna da kakarta. Ta ce shekara guda ke nan ba ta leƙa gidan kowa ba, ba ta san halin da 'ya'yanta suke ciki ba, kuma tunda ƙafa ta ƙi kai ta, su za su zo. A wajenmu namiji zai iya hana matarsa biki, ya hana ta suna, ya hana ta asibiti, ba mai cewa komai. Amma babu wanda zai hana ta dubiyar tsohuwar da ke bakin mutuwa tana neman a yafi juna, don har ya koma ga Allah da abin za a riƙa tuna shi. Aikina shi ne in baza cewa jikin Inna ya yi nisa. Ni kuwa bakina ba ya buƙatar lasifika, kafin la'asar har matan bayan makaranta sun ji.

Kwana uku ɗakin nan bai huta ba. Takalma a bakin ƙofa kamar gidan suna. Duk wadda ta shigo sai ta miƙa hannu kafin a amsa mata, masu dariya na yi, masu fushi na yi, amma ba wadda ta fita ba a auna ta ba. Aka samu mata shida jininsu ya hau ba su sani ba, ta bakwai kuwa ni ce. Ni da nake tsaye ina tsara layi ina yi wa mutane tsiya, Inna ta ce saura ke uwar iyayi. Khairat ta auna ni ta ce daga yau in rage gishiri da magi. Na ce mata to in na daina, da me zan ci awarar, da addu'a? Inna ta yi dariya har tari ya sarƙe ta.

Amma duk wannan taron mutum ɗaya Inna ke jira, kuma ba ta zo ba.

Juwairiyya matar Muntaka ce, gidansu na uku daga namu. Yarinya ce 'yar Bagwai mai shegiyar kunya, cikin fari, wata takwas. Ni na kai wa Inna labarinta ba tare da na san nauyinsa ba. Na shiga kai musu awara na ga ƙafarta ta ƙi shiga silifas, fuskar ta cika, zobe ya nutse a yatsa. Na dawo ina washe baki na ce wa Inna yarinyar nan tagwaye za ta zubo mana, don haka kowa ke faɗa, mai ciki in ta kumbura haka ai biyu ne ko kuma ƙato. Inna ta dube ni ta ce shekara ashirin da biyu ina zaune kusa da ita ban koyi komai ba sai surutu. Raina ya ɓaci, amma na ga hankalinta ya tashi, sai na haɗiye.

Matsalar Muntaka ce. Ba mugu ba ne, manomi ne mai shanun huɗa, mai sallah a sahun gaba, kuma yana son matarsa yadda kowa ya sani. Sai dai shekara uku da suka wuce mahaifiyarsa Hure ta kwanta ciwo, Inna Falta ta matsa aka kai ta asibiti, kwana biyu aka dawo da gawa. A wajen zaman makoki, gaban maza da mata, Muntaka ya nuna Inna da yatsa ya ce ita ta kai masa uwa aka kashe. Matar da ta yanke masa cibiya. Daga ranar ya rantse ba wanda zai sake taka asibiti daga gidansa, kuma ko a hanya ya hango Inna sai ya sauya lungu. Shi ya sa Juwairiyya ba ta taɓa zuwa awo ba ko sau ɗaya.

Rana ta huɗu da hantsi, bayan an kwana ana ruwa, na yafa mayafina na same shi gindin ɗorawa inda maza ke zama. Da gangan na zaɓi wajen. Na gaishe su, sannan na ce da ƙarfi yadda na ƙarshen benci zai ji, kaf unguwar nan matar kowa ta je ta gaida Inna sai matar mutum ɗaya, ko a sa ran zuwanta ne ko sai an fito da makara? Ba wanda ya dubi Muntaka, wannan ya fi a dube shi ciwo. Ya sunkuyar da kai yana tona ƙasa da tsinke. Ban kai gida ba sai ga Juwairiyya a bayana tana jan ƙafa, da 'yar ledar dabino a hannunta.

Inna ba ta yi mata wasan juya baya ba. Ta ce ta matso, ta ɗaga mata zane kaɗan, ta danna babban yatsanta a ƙwaurinta. Da ta ɗauke, ramin ya tsaya kamar an danna tuwo. Ta tambaye ta ciwon kai, yarinyar ta ce kaɗan-kaɗan, idonta a ƙasa. Sai da Inna ta ce mata nan ba gidan surukai ba ne, sannan ta faɗi gaskiya. Kwana uku kan ke sara mata kamar zai rabe, wani lokaci ta ga abubuwa suna walƙiya a idonta, kuma ta ji kunyar gaya wa maigidan don kada ya ce raki ne. Khairat ta auna hannun dama, ta sake aunawa, ta koma na hagu. Na ga ta daina murmushi. Ta jawo ni tsakar gida.

"Gwaggo, wannan emajansi ne. Jininta ya hau sosai. Ko yaushe jijjiga za ta iya kama ta, in kuwa ta kama ta a gida, ita da abin da ke cikin duk za mu iya rasa su. Allurar da take buƙata ba ni da ita. Yau za a kai ta, ba gobe ba."

Na dafe kai. Ni da na yi ta murnar tagwaye.

Inna ta ji komai, don kunnenta bai tsufa ba. Ta ce a shimfiɗa wa yarinyar tabarma ta kwanta ta gefen hagu, ba za ta koma gida ba. Ta ce a kira mata Malam Abdulrashid liman, a ce masa ya taho da Muntaka, tana son ganinsa kafin ta cika.

Suka zo tare. Liman ya zauna kan 'yar kujera, Muntaka ya tsuguna daga bakin ƙofa, hularsa a hannu. Ya zaci kiran neman gafara ne kawai, ga alama kuma abin ya daɗe yana cinsa, don bai jira an fara ba.

"Inna, na zo ki yafe mini. Maganar da na faɗa miki ranar rasuwar mahaifiyata, zafin rai ne. Don Allah ki yafe mini."

Duk muna jiran abin da kowa ya san za a ce. Ba a taɓa yi ba a unguwar nan, mutum yana kan gadon mutuwa a nemi gafararsa ya hana.

"Ban yafe ba," in ji Inna.

Liman ya ɗago kai. Ni kaina sai da na dube ta, don wannan ba ya cikin abin da muka shirya.

"Ka ce ni na kashe Hure. Shekara uku ina ɗauke da maganar nan. Ka san laifina a kan uwarka? Kwana tara tana kwance ina kallo, ina jin nauyinka, ina cewa bari ɗanta ya yanke da kansa. Sai a na goma na buɗe baki, lokacin kuwa an makara. Wannan ne laifina, kuma ba zan sake shi ba. Ga matarka nan. In ba a kai ta yau ba za ka binne ta da cikinta. Ni ba ni da kwana taran da zan ji nauyin kowa."

"Inna, can na kai ta da ƙafarta aka dawo mini da ita a naɗe," ya ce.

"Ba da ƙafarta ta je ba, a kafaɗa aka ɗauke ta, ni na riƙe kanta. Wannan kuwa har yanzu tana iya takawa. Ka kai ta, ka dawo ka ce mini ka kai ta, sai in yafe maka. In ka ƙi, mu haɗu da maganar a can."

Muntaka ya dubi matarsa da ke kwance ta rufe fuska da mayafi don kunya. Ya daɗe yana kallonta. Sai ya miƙe ya sa hularsa ya fita, ko sallama bai yi ba.

Liman ya gyara murya ya ce wa Inna a hankali ba a son mutum ya bar duniya da riƙo a zuciya. Ta ce ta ji, ya yi mata addu'a kawai. Ni kuwa wuta ta kama ni, na ce yanzu zan bi shi in tara masa jama'a, in ta kama mu ɗauke yarinyar da ƙarfi ya kai mu ƙara duk inda ya ga dama. Inna ta ce in zauna. Na ce ba zan zauna ba. Ta ce in zauna mana, ita ta san yaron, tun yana jariri sai ya gama taurin kansa yake kama nono. Na zauna ina huci. Juwairiyya ta yi amai sau biyu, Khairat na ta duba agogon wayarta tana leƙa ƙofa, ni kuma ina zagin Muntaka a zuciyata har da wanda bai cancanta ba.

An kusa kiran azahar muka ji ƙugin ƙafafun amalanke a lungu. Na fita da gudu. Muntaka ne, taɓo har gwiwa, ashe gona ya tafi ya kwanto shanunsa, ya ɗaura musu amalanke, ya ɗora katifar ɗakinsa a kai. Ya san kwari ya cika, ba abin da zai tsallake shi sai su. A bayansa kuma ga mazan gindin ɗorawa, su takwas, sun naɗe ƙafar wando, don liman da ya fita bai tafi gida ba. Mijin Tahira na ta magana a waya da Naziru mai adaidaita, yana ce masa ya jira a wancan tsallaken kada ya ɗauki kowa.

Khairat ta tsaya tsakanin gadon kakarta da ƙofa ta rasa inda za ta nufa. Ta ce ba za ta bar Kaka a wannan halin ba, saboda ita ta ɗauko hutu tun farko.

"Ni mutuwa zan yi, mutuwa ba ta buƙatar nas," in ji Inna. "Ma'u ta iya laƙanta shahada, shi kaɗai ne abin da bakin nan nata zai yi mini na amfani. Bi yarinyar."

Khairat ta durƙusa ta kifa kanta a ƙirjinta, Inna ta yi mata wata magana da Barbarci da ban ji ba, ta ture ta.

Na bi su har bakin kwari, ni da rabin matan unguwa, waɗanda aka bari da waɗanda ba su tsaya tambaya ba. Ruwan ja ne, yana gudu, ya kai wa maza ƙugu. Shanun suka toge. Muntaka ya shiga gaba ya kama igiyar hancinsu yana kiran sunayensu, maza huɗu a kowane gefe suka dafe amalanken, Khairat a sama ta rungume Juwairiyya. A tsakiya ƙafa ɗaya ta nutse a yashi, amalanken ta karkata, mata suka sa salati. Liman da kansa ya tuɓe rawani ya miƙa mini ya shiga. Suka ɗaga ta ɗungurungum, shanu suka yunƙura, sai ga su a tudu. Wallahi ban san lokacin da na rangaɗa guɗa ba, da rawanin liman a hannuna, yana ji yana gani, wasu matan suka karɓa mini. Na dawo da gudu ina haki na ba Inna labari tun daga farko, ta sa na maimaita mata wajen shigar liman har sau biyu.

Washegari da safe wayata ta yi ƙara. Na kanga ta a kunnen Inna na buɗe murya don mu ji tare. Khairat ce, muryarta ta dushe. Ta ce a bakin ƙofar asibitin jijjiga ta kama Juwairiyya, ana sauke ta daga adaidaita, nan take aka yi mata allurar. Da a gida ne ko a cikin kwari, sai dai wani labarin. An yi mata tiyata an ciro 'ya mace, ƙarama ce an sa ta a kwalba, amma tana da rai tana tsala kuka. Uwar ta farfaɗo da asuba har ta nemi ruwa. An buƙaci jini, mazan da suka raka su suka yi layi, Muntaka ne a gaba, shi da ya rantse ba zai taka wajen ba sai ga shi kwance kan gadonsu da allura a hannu.

Inna ta lumshe ido tana ta hamdala. Ni kuka nake yi ina dariya. Na ce mata kin ci, Inna, kin ci da tsakar rana. Ta ce ɗaya ce dai ba tagwaye ba, ko in je in ƙirga? Har a lokacin ba ta daina yi mini tsiya ba.

Wajen hantsi numfashinta ya fara sauyawa. Ta ce in matso. Na kai kunnena bakinta.

"In Muntaka ya zo bai same ni ba, ki gaya masa na yafe masa tun ranar da ya faɗi maganar. Kafin in kai gida daga makokin na yafe. Yaro ne uwarsa ta mutu, wa zai zaga in ba ni ba? Ƙarya na yi jiya a gaban liman, Allah ya yafe mini. Shi ma Malam ki gaya masa, kada ya tafi da ni a zuciyarsa a matsayin mai riƙo."

Na ce ta bari ta gaya masa da bakinta, yana hanya. Ta girgiza kai kawai. Bayan azahar na fara laƙanta mata, ta karɓa sau uku, na huɗun leɓenta ne kaɗai ya motsa. Na shafe mata ido, na gyara mata zane, na zauna a ƙasa na yi kukan da ban yi wa uwata ba. Khairat ta iso ana shirin wanka. Ta wanke hannu ta shiga muka yi tare.

An kai ta bayan la'asar. Tsofaffi suka ce ba su taɓa ganin jana'izar mace da ta tara mutane haka a Kwarin Ɗorawa ba, sahu har cikin gonar gero. Muntaka bai samu ba. An ce ya tsallako kwari ya ci karo da maza suna dawowa da fatanya a kafaɗa, ya tambaya aka gaya masa, ya wuce maƙabarta shi kaɗai, daga can ya koma asibiti bai shigo unguwa ba. Na aika a kira shi aka ce wayarsa a kashe. Ya tafi da sanin cewa ta mutu ba ta yafe masa ba, saƙon kuwa yana bakina.

Washegari gidan ya cika da masu gaisuwa. Tahira ce ta fara. Ta yi wa Khairat ta'aziyya, suka shafa fatiha, sai kawai ta naɗe hannun rigarta ta miƙa mata, ta ce Inna ba za ta amsa ba in ba a yi ba. Khairat ta dube ta ido jawur, ta tashi ta ɗauko abin awon. Kafin wani lokaci layi ya kai zaure, har da matan da suka zo daga ƙauyen Watari da ba su san dalili ba, sun ga ana yi sun bi. Daga nan abin ya zauna. Har yau duk Alhamis ana buɗe ɗakin Inna, Khairat ko wata abokiyar aikinta ta zo, masu ciki a gaba, mu masu hawan jini a baya, kuma ban ji mijin da ya hana ba.

A ranar farkon nan, ana cikin layin, aka ce Muntaka na sallama da ni. Na same shi a bakin zaure, ya rame a kwana biyu, da auduga manne a gwiwar hannunsa. Ba zan ɓoye muku ba, na so in ja masa rai kaɗan, don shekara ukun nan ni na ga abin da suka yi wa Inna. Da na ga idonsa sai na kasa.

"Gwaggo, na kai ta," ya ce. "Na kai ta, amma ban dawo na gaya mata ba."

"Ta ji. A kunnenta aka faɗa, ta yi hamdala. Kuma ta bar maka saƙo."

Na gaya masa yadda ta faɗa, ban ƙara ba ban rage ba, har da ƙaryar da ta ce ta yi a gaban liman. Ya tsaya kamar bai gane ba. Ya tambaye ni tun ranar? Na ce tun ranar, kafin ta kai gida. Sai ya sulale ya tsuguna jikin bango, ya kife hularsa a fuska, kafaɗunsa na motsi. Na tsaya a gabansa na kare shi da mayafina daga idon masu wucewa har ya gama.

Da ya miƙe ya tambayi ko akwai abin da zai yi. Na ce babu, an gama komai. Ya leƙa tsakar gidan ta gefen zaure, ya ga mata na kai moɗa randa suna dawowa da ita ba komai, masu gaisuwa sun shanye tun safe. Ya ɗauki jarkoki biyu da ke jingine a bango ya nufi famfo. Sawu huɗu ya yi. Mata suka janye ƙafafunsu suka ba shi hanya. Ina zaune bakin ɗakin Inna ina jin ruwan yana sauka cikin randar, tun tana amsawa da amon wofi har ta yi shiru.